Salmon, tirawut da roye: kundin shirin hutun kamun kifi a Troms

21 ga Janairu 2024

Yau rana ta sake leƙowa birnin Tromso na yankin Troms, a can arewacin Norway, bayan kusan wata biyu ba a ganta ba, yau kuma na buɗe wannan kundi. Abin da na ƙudurta shi ne kafin ƙarshen Agusta in kama kifi iri uku na wannan yanki da fatsar ƙuda: salmon, wanda mutanen Norway ke kira laks, da tirawut, danginsa mai ɗigo-ɗigo, da kuma roye, kifin ruwan sanyi mai jan ciki. Hutun aikina na bana duk a kan wannan zai tafi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, wanda tun yana yaro yake bin kogin Malselva, ya yarda ya koya mini, da sharaɗin in ɗaure ƙudajena da hannuna.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙudan nan ƙugiya ce da aka naɗe wa gashin dabba da gashin tsuntsu da zare mai ƙyalli, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Ba a sa tana, ba a sa dalma. Ƙudan ba shi da nauyin da zai ja zare, don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa ta ɗauki ƙudan ta kai shi inda ake so. Gwanintar duka tana cikin wannan wurgi.

18 ga Fabrairu

Ɗaurin ƙuda ya kankama a teburin kicin ɗin dattijo. Ya fara ni da wanda ake kira Sunray Shadow, wanda wani Bature Ray Brooks ya ƙirƙiro a kogin Lærdal na ƙasar nan. Ɗan bututun roba ne da dogon baƙin gashi a kansa, ba wani ado. Da gashin akuya muke yi. A bushe ba ya burge kowa, amma da ya jiƙa shi a kwano ya ja, sai gashin ya kwanta yana lanƙwasa kamar abu mai rai.

A cikin akwatin kayansa na ga wata 'yar leda da gashin zabo a ciki, da farashi manne a jiki. Tun ƙarni na 19 masu ɗaure ƙudajen salmon a Birtaniya suke sa gashin zabo a wuyan ƙuda saboda ɗige-ɗigensa, har yau kuma ana saye. Na ce masa in na je gida zan cika masa buhu. Ya ce in tambayi dokar shigo da kayan tsuntsaye tukuna. Haka mutumin yake, komai sai ya fara da doka.

24 ga Maris

Azumi ya rage mini kuzari, amma ana fita atisaye bayan la'asar a bakin teku inda ƙanƙara ba ta rufe ba. Sandar salmon doguwa ce, ƙafa 14, hannu biyu ake riƙe ta. Wurgin da nake koyo ya samo suna daga kogin Spey na Scotland, inda itatuwa da gaɓa mai tsayi ba sa barin mutum ya kai igiya bayansa. Sai a ɗago igiyar, a ajiye bakinta kan ruwa a gefe, a lanƙwasa sauran ta yi baka a bayan kafaɗa, sannan a tura gaba. Dattijo ya ce hannun ƙasa ne ke aiki, na sama jagora ne kawai. Kafaɗata ta dama tana shaida cewa har yanzu da sauran rina a kaba.

14 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Wannan makon na takardu ne, kuma a nan na fara fahimtar yadda ƙasar nan ta ɗauki ruwanta.

Norway tana da tsohuwar al'ada da aka mayar doka a 1957, wadda ta ba kowa 'yancin yawo a daji da duwatsu ko da na wani ne. Kana iya kafa tanti har kwana biyu muddin ka nisanci gidan mutane da mita 150. Amma wannan 'yanci bai shafi kifin kogi ba. Kifin kogi da na tafki haƙƙin mai ƙasar ne, ko manomi, ko ƙungiyar masu filayen bakin kogin, ko kamfanin gandun daji na gwamnati, Statskog. Saboda haka mai neman salmon yana biya sau biyu. Akwai kuɗin gwamnati na shekara, wanda ya wajaba kan duk wanda ya kai shekara 18 in zai kama salmon ko tirawut ko roye masu zuwa teku su dawo kogi. Akwai kuma katin kogin kansa, na wani yanki takamaimai, na wasu awanni takamaimai. Na biya na farko. Na biyun mun saya ta shafin Inatur, yanki mai sauƙin kuɗi can sama da magangarar Malselvfossen, domin gurbin da ke ƙarƙashin magangarar ya fi ƙarfin aljihuna.

Abu na uku shi ne wanke kaya. Akwai wata tsutsa da ba ta wuce rabin milimita ba, Gyrodactylus salaris, wadda aka fara ganowa a Norway a 1975 bayan ta shigo tare da 'ya'yan kifi da aka kawo daga Sweden. Tana manne wa 'ya'yan salmon tana cin fatarsu, kuma in ta shiga kogi kusan duk sai ta ƙarar da su. Tana iya rayuwa na ɗan lokaci a jikin jiƙaƙƙen takalmi ko raga. A nan kusa da mu, kogunan yankin Skibotn sun kamu, har sai da aka zuba musu gubar rotenon a 2015 da 2016, aka kashe duk kifin da ke ciki domin tsutsar ta rasa mai ɗaukarta, sannan aka sake zuba irin kifin da aka adana tun farko. Sai a 2022 aka ayyana cewa sun rabu da ita. Dattijo yana da dangi a can. Ya ce ya ga manya suna hawaye ranar da ake kwashe matattun kifi da kwanduna. Duk wanda ya ji wannan ba zai yi ƙorafin tsayawa a fesa wa takalminsa magani a ba shi takardar shaida ba.

19 ga Mayu

Na farko cikin ukun ya samu. A teku ba a biyan komai in da sanda kake daga gaɓa, don haka muka tafi wani lungu a tsibirin Kvaloya lokacin da ruwa ke cikowa. Tirawut na teku yana fitowa gefen gaɓa a wannan lokaci yana farautar ƙananan jatan lande a cikin ciyawar ruwa. Na sa ɗan ƙuda mai ruwan toka, ina ja a hankali, sai na ji an fizge. Fari ne sol kamar azurfa, da baƙaƙen ɗigo har ƙasan layin gefensa. A nan arewa dokar ta ce wanda bai kai santimita 30 ba a mayar da shi. Wannan ya haura sosai, muka tafi da shi gida.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu ƙwari masu launin ƙasa da na gani manne a bayansa, kusa da fiffiken sama, inda fatar ta ɗan ci. Ƙwarƙwatar salmon ke nan. Da ma can tana cikin teku, amma kejin kiwon kifi da suka cika lungunan gaɓar Norway sun ba ta gidan haihuwa da ba ta taɓa samu ba. Ƙasar nan tana fitar da salmon na kiwo sama da tan miliyan ɗaya a shekara. Babban kifi yana iya jure 'yan ƙwari kaɗan. Ɗan salmon mai tsawon tafin hannu da ya fito daga kogi karon farko, ya ratsa ta gefen kejin nan, shi ne ba ya kai labari.

16 ga Yuni

Babbar Sallah. Tun wajen 20 ga Mayu rana ba ta faɗi ba, kuma ba za ta faɗi ba sai bayan 20 ga Yuli. Masallacinmu na Tromso yana bin lokutan Makka a irin wannan lokaci, na kuma kwafe jadawalin a takarda na sa a aljihun rigar kamun kifi, domin a bakin kogi sararin sama ba zai gaya maka komai ba.

Na kira Yaya a gida don gaisuwar Sallah. Da na ba shi labarin shirin, har da cewa a koguna da yawa a nan dole ne a mayar da manyan matan kifi cikin ruwa, sai ya yi shiru, sannan ya ce: "To kai ƙanena, ka biya kuɗi, ka sha sanyi, Allah ya ba ka, ka kuma sake shi?"

Na ce: "Yaya, ita ce mai ƙwai. In aka cinye ta, baɗi wa za a kama?"

Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, ko a Argungu ana hana taɓa Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwa, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Ya ce shi abin da ya ba shi mamaki kawai shi ne a kama a saki. Wannan kam ban ga laifinsa ba, domin ko a nan Norway akwai dattawan da ba su yarda da shi ba, suna ganin wasa ne da abinci.

23 ga Yuni

Labari mara daɗi. Hukumar kula da muhalli ta ƙasa ta rufe kamun salmon a koguna 33 daga yau, tun daga kudu kan iyakar Sweden har zuwa yankin Trondelag. Cikinsu har da Gaula da Orkla, waɗanda mutane ke tahowa daga ƙasashen Turai da dama domin su. Dalili shi ne kifin bai dawo daga teku ba yadda aka saba, musamman manya. Akwai masu masauki da manoman da kuɗin katin kogi ne rabin abin da suke samu a shekara, kuma baƙinsu sun riga sun iso da kaya.

Rufewar ba ta kai mu nan arewa ba, katinmu yana nan. Amma ni ban iya yin murna ba. A shekarun 1980 salmon sama da miliyan ɗaya ke dawowa gaɓar Norway kowace shekara. Yanzu ba ya kai rabin haka. Tun 2021 aka sa shi cikin jerin halittun ƙasar da ke kusa da shiga haɗari. A 2021 ɗin ne kuma aka rufe kogin Tana da ke kan iyaka da Finland, wanda a da yana cikin kogunan da suka fi ba da salmon na Atlantika a duniya, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Mutanen Sami na bakin Tana, ƙabilar 'yan asalin wannan arewa, da kifin nan suka gaji iyaye da kakanni.

Ra'ayina shi ne hukumar ta yi daidai, ko da ta makara. Abin da ke damuna shi ne mai sanda a bakin kogi ake iya dakatarwa cikin kwana biyu, alhali kejin da ke lungunan teku suna nan yadda suke. Akwai tsarin da aka kawo a 2017 mai raba gaɓar ƙasar shiyya-shiyya, ana ba kowace launin kore ko rawaya ko ja gwargwadon ɓarnar ƙwarƙwata, wadda ta samu ja a rage mata yawan kiwo. Tsarin yana da amfani, sai dai ragin kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ake gani a jikin kifi.

Mun zauna da dattijo mun yanke shawara: za mu je, amma ƙaramin salmon ɗaya kacal zan ɗauka in Allah ya ba ni, duk abin da ya wuce haka zai koma ruwa. Na kuma matse ƙayar da ke bakin ƙugiyoyina da filaya don su fita da sauƙi.

8 ga Yuli

Muna bakin Malselva. Daga Tromso tafiyar kamar awa biyu ce, ta Nordkjosbotn a hau babbar hanyar E6. An fesa wa kayanmu magani, takarda tana aljihu.

Kafin mu wuce yankinmu mun tsaya a Malselvfossen. Ruwan yana gangarowa kan duwatsu da ƙara mai toshe kunne, kuma a da nan ne iyakar tafiyar salmon. A 1910 aka fasa dutse aka yi masa matakala a gefe, jerin ƙananan gurabe da kifi ke tsallakawa ɗaya bayan ɗaya har ya haye. Wannan aiki ne ya buɗe masa dukkan kogin na sama da rassansa. Akwai taga ta gilashi da ake kallon su suna wucewa, ana kuma ƙirga su. Na daɗe a wurin. Kifin da ke gabana an ƙyanƙyashe shi a tsakuwar wannan kogi, ya yi shekaru yana ɗan ƙarami a ciki, ya fita teku mai nisa ya yi ƙiba, ga shi ya dawo ruwan da ya fito.

Tun da ya shigo kogi ya daina cin abinci, da kitsen jikinsa zai rayu har lokacin zuba ƙwai a kaka. Ke nan mai fatsa yana miƙa abinci ne ga wanda ba ya jin yunwa. Wasu masunta suna cewa haushi ke sa shi cafka, wasu suna cewa tsohuwar ɗabi'ar ƙuruciya ce ke motsawa. Yadda ake yi dai shi ne a wurga igiya a karkace zuwa ƙetare, a bar ruwa ya ja ƙudan ya zagayo, a yi taku ɗaya zuwa ƙasa, a sake. Wanda ya zo daga baya yana farawa ne daga saman gurbi, ba ya shiga gaban wani. Ba wanda ke tsaye yana tsaron wannan ƙa'ida, amma ban ga wanda ya karya ta ba.

Sauro kuwa sai wanda ya gani.

11 ga Yuli

Dattijo ya kama babba da tsakar dare, rana tana rataye kan duwatsu. A nan ana kasa salmon gida uku: ƙasa da kilo 3 ƙarami, 3 zuwa 7 matsakaici, sama da 7 babba. Wannan mace ce, ta haura bakwai nesa ba kusa ba. Bai bar ta ta gaji sosai ba, ya matsa mata ya jawo ta da wuri, ni kuma na tare da raga mai laushi. Ba mu fitar da ita daga ruwa ba. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe ta da kanta yana fuskantar inda ruwa ke tahowa har ta dawo hayyacinta ta fizge. Kifi irin wannan yana ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa, kusan gwargwadon nauyinsa. Ya shigar da rahoton a waya nan take, domin ko wanda aka saki sai an rubuta.

13 ga Yuli

Na biyu ya samu. Da asuba bisa jadawalin Makka, bayan na idar da salla a kan tsakuwa, na koma wutsiyar gurbin da Sunray ɗin da na ɗaure a Fabrairu. Ƙudan ya kusa gama zagayowa sai igiya ta yi nauyi. Dattijo ya sha gaya mini kada in ɗaga sanda da sauri, in bar kifin ya juya da kansa, haka kuwa na yi. Ya yi tsalle, ya ja igiya har kwarkwaron naɗi yana kuka, sannan ya sallama. Ƙarami ne, namiji, kilo biyu da ɗan wani abu, wanda ya yi hunturu ɗaya a teku. Shi na ɗauka.

Mun kankare ɓawo kaɗan daga gefensa, tsakanin fiffiken baya da wutsiya, muka sa a 'yar ambulan da ake bayarwa tare da kati, muka rubuta tsawo da nauyi da jinsi da rana. Masu bincike suna karanta zoben da ke jikin ɓawon su san shekarun da ya yi a kogi da waɗanda ya yi a teku, su kuma gane ko ɗan daji ne ko wanda ya tsere daga keji. Wannan na biyun babbar matsala ce, domin in tserarrun keji suka haɗu da 'yan kogi wajen haihuwa, 'ya'yan ba sa jure rayuwar daji kamar na asali.

Na naɗe sandar salmon daga nan. Katin bai ƙare ba, amma alkawari alkawari ne.

4 ga Agusta

Zafi ya yi yawa bana, ruwan ƙananan koguna ya ja baya ya ɗumama. Roye ba ya son haka ko kaɗan. Shi ne kifin ruwan daɗi da ya fi kowane nisa zuwa arewa, har a tsibiran Svalbard akwai shi. Wanda ke zuwa teku ma wata ɗaya zuwa biyu kawai yake yi a can ya dawo. Irin wannan mai zuwa teku ya ragu a wurare da dama, don haka muka bar shi muka nufi na tafkunan kan dutse da katin Statskog.

A hanya mun tsaya a tafkin Takvatn da ke gefen E6, dattijo ya ba ni tarihinsa. An zuba roye a cikinsa a wajen 1930, ya hayayyafa har ya cika tafkin da ƙananan ramammun kifi masu tsutsa, tirawut kuwa ya kusa ɓacewa. Daga 1984 zuwa 1989 mutanen yankin tare da masanan Jami'ar Tromso suka kafa tarkuna suka kwashe roye kimanin 666,000, wajen tan 31. Waɗanda suka rage suka samu abinci suka girma, tirawut ya dawo ya riƙa cin ƙananan roye, tafkin ya daidaita, kuma har yanzu masana suna bibiyarsa kowace shekara. A kogi ƙarancin kifi ne damuwa, a wannan tafki yawansa ne ya zama cuta, kuma a duka biyun sai da aka ƙirga kafin a san abin yi.

10 ga Agusta

Mun hau dutse a yankin Dividalen da jakunkuna a baya, muka kafa tanti kusa da inda wani rafi mai sanyi ke shiga tafki. Dare ya fara dawowa, ana samun ɗan duhu na awa kaɗan. Da yamma iska ta kwanta, ƙananan ƙwari suka fito, sai ga da'irori a kan ruwa. Roye yana tafiya ne ƙungiya-ƙungiya, yana da saurin tsorata, kuma ƙaramin baƙin ƙuda yake so a kan siririn zare. Na durƙusa a bayan dutse na jira ƙungiyar ta zagayo. Wanda ya ɗauka bai kai kilo ɗaya ba, amma ban taɓa ganin kifi mai kyansa ba: baya kore mai duhu, ciki ja kamar garwashi, bakin fikafikansa fari tas. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an taƙaita hura wuta a daji, don haka a kan ɗan murhun gas muka soya shi. Na uku ke nan.

1 ga Satumba

Jiya aka rufe kakar salmon a yawancin koguna. Na tura ambulan ɗin ɓawo, na kammala rahoton kati, na wanke igiyoyi na shanya wandon roba.

Aikin bai ƙare ba, domin baɗi shekara ce mai lamba mara, shekarar salmon mai doro. Wannan kifin tekun Pasifik ne da Tarayyar Sobiyet ta fara zubawa a kogunan yankin Kola na arewacin Rasha tun shekarun 1950. Shekara biyu cif yake rayuwa, ya zuba ƙwai ya mutu ya ruɓe a kogi. Daga 2017 ya fara malalowa kogunan Norway da yawa, a 2023 kuma tarkunan da aka kafa a bakin kogunan Finnmark da Troms sun kwashe dubu ɗaruruwa. Ana gane shi da baƙin harshe da dogayen ɗigo a wutsiya. Tarkunan nan sai an duba su kullum, a ware ɗan gida a sake shi ya wuce, a cire baƙon, kuma ƙungiyoyin masunta na garuruwa ne ke yawancin aikin. Na gaya wa dattijo ina so in ba da mako guda na hutun 2025 a ɗaya daga cikinsu. Zai yi magana da mutanen da ya sani a can kafin hunturu, ni kuma zan nemi hutun Yuli tun a watan Janairu. Ɗaurin ƙuda zai koma ranar Lahadi ta farko a Nuwamba, kuma gashin akuyarmu ya kusa ƙarewa, sai an sayo.